Zana Layukan Zurfin Teku Masu Santsi a Taswira: Wane Kayan Aiki Ya Dace da Mai Aiki Daga Maraɗi?

Maraɗi ba ta da teku, gaɓar da ta fi kusa da ita ma sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci zuwa kudu, amma wannan bai hana buƙatar taswirar ƙasan teku tasowa a nan ba. Ɗalibin ilimin duwatsu ko na labarin ƙasa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke rubuta kundinsa a kan Mashigin Tekun Gini yana buƙatarta. Haka malamin da ke son nuna wa aji yadda dakalin nahiya, wato ƙasan teku marar zurfi sosai da ke kewaye da gaɓa, yake gangarawa daga gaɓar Kwatano zuwa zurfafan wurare, haka kuma mai nazarin bututun man da ya taso daga Agadem ya yi kusan kilomita 2,000 kafin ya ƙare a Seme, a gaɓar Jamhuriyar Benin. Dukansu kan ci karo da matsala ɗaya: an sauke bayanan zurfi, an rubuta umarni, taswira ta fito, amma layukan zurfin sun fito da kusurwoyi da gargada, ko kuma sun cika da ƙananan zobba da ba sa nuna komai sai cunkoso. Daga nan sai mutum ya tsaya yana tunanin wanda zai kama tsakanin manhajojin GMT, Python, R, MATLAB da GDAL, alhali lokacin miƙa aiki yana matsowa.

Inda gargadar take fitowa

Kafin a kwatanta kayan aikin, dole a fahimci cewa ba su ne suke haifar da gargadar ba. Bayanan zurfi suna zuwa ne a matsayin raga ta lambobi, kowane ido na ragar yana ɗauke da zurfi guda. Manhajar da ke zana layin mita 1,000, alal misali, tana bin idanun ɗaya bayan ɗaya, ta lissafa inda wannan zurfin ya ratsa gefen kowane ido, sannan ta haɗa wuraren da gajerun miƙaƙƙun layuka. Duk kayan aikin nan biyar kusan haka suke yi. Idan idanun ragar manya ne, kuma an zana ƙaramin yanki a babbar takarda, gajerun layukan nan za su bayyana a fili, kowace mahaɗa ta zama kusurwa. Idan kuwa idanun sun cika ƙanƙanta ga girman taswirar, layin zai riƙa bin kowane tudu da kowane rami, ya yi ta karkarwa har ya zama kamar an yi kauri da tawada.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna hakan. Ragar GEBCO, wato shirin taswirar zurfin tekunan duniya, tun daga 2019 tana da ido na sakan 15 na digiri, wato kimanin mita 460 a kusa da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu. Yankin da ya kama daga digiri 10 yamma zuwa digiri 10 gabas, da faɗin digiri 10 daga kudu zuwa arewa, zai ƙunshi ginshiƙai 4,800 da jeri 2,400, sama da lambobi miliyan 11 ke nan. Taswirar da za ta shiga shafin kundi da faɗin santimita 16, idan an buga ta da ɗigo 300 a kowane inci, ba ta da wurin da ya wuce ɗigo 1,890 a faɗinta. Wato bayanan sun ninka abin da takarda za ta iya nunawa fiye da sau biyu. Ragar minti ɗaya, mai ido na kimanin kilomita 1.85, za ta ba da ginshiƙai 1,200 kacal, kuma ga irin wannan taswira ita ce ta fi dacewa.

Akwai wasu dalilai biyu da ke cikin bayanan kansu. Na farko, GEBCO tana ajiye zurfi a cikakkun mitoci, saboda haka a shimfiɗaɗɗen wuri kamar dakalin nahiyar da ke gaban Neja Delta, layin mita 20 kan yi yawo yana yin matakala. Na biyu ya fi muhimmanci: a 2023, abin da aka auna kai tsaye na ƙasan tekun duniya da na'urorin zamani bai wuce kusan kashi 25 cikin 100 ba, a ƙididdigar shirin Seabed 2030 da gidauniyar Nippon da GEBCO suka ƙaddamar a 2017. Mafi yawan sauran an ƙiyasta shi ne daga awon da taurarin ɗan Adam suka yi wa saman ruwa, bisa hanyar da Walter Smith da David Sandwell suka wallafa a 1997. Inda hanyar jirgin awo ta ratsa yankin da aka ƙiyasta, ana samun saɓani, shi ne ake ganin ƙananan zobba a jere a kan miƙaƙƙen layi. Waɗannan ba duwatsu ba ne, sawun jirgi ne.

Magani iri uku ne. Ana iya sauya girman idon raga ya dace da taswira, ana iya tace ragar, wato a daidaita kowace lamba da na maƙwabtanta, kafin a zana, ana kuma iya goge layin kansa, wato a sa shi ya yi santsi, bayan an fitar da shi. A ganina hanyoyi biyu na farko su ne asali, ta uku ƙarin ado ce kawai. Dalili shi ne layukan da aka fitar daga raga guda ba za su taɓa gittawa juna ba, duk tacewar da aka yi mata, amma layukan da aka goge ɗaya bayan ɗaya suna iya haɗewa ko su gitta a gangare mai tsauri inda suke kusa da juna. Taswirar da layin mita 2,000 ya haye na mita 2,500 ta faɗi abin da ba zai yiwu ba.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ikon da kayan aiki yake ba mutum a kan tacewa: shin ana iya faɗin faɗin tacewar da kilomita, kuma shin ana iya ware tudu daga ruwa kafin a tace? Na biyu kuɗi, wanda a Maraɗi bai tsaya ga lasisi ba, ya haɗa da kuɗin intanet da ƙarfin kwamfutar da ke hannu. Ragar GEBCO ta duniya baki ɗaya tana da ginshiƙai 86,400 da jeri 43,200, nauyinta ya kai kusan gigabait 7.5 idan an buɗe ta, kuma ba dabara ba ce a sauke ta da intanet na wayar hannu. Na uku ɗorewa, wato ko umarnin da aka rubuta bana zai yi aiki nan da wasu shekaru idan an buƙaci gyara taswirar. Na huɗu sauƙin koyo, har da harshen da aka rubuta jagororin da shi, tun da yawancin ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu. Na biyar haɗari, wato hanyoyin da kayan aikin zai iya fitar da taswira mai kyan gani amma mai kuskure ba tare da ya yi gargaɗi ba.

GMT da PyGMT

Paul Wessel da Walter Smith ne suka fara GMT a 1988, suna ɗalibai a cibiyar Lamont-Doherty ta Jami'ar Columbia a Amurka, kuma aikinsu na yau da kullum shi ne ƙasan teku. Ana ganin wannan asalin a kowane umarni. Ga cikakken aikin a layi huɗu:

```
gmt grdcut @earth_relief_01m -R-10/10/-2/8 -Ggini.nc
gmt grdclip gini.nc -Sa0/NaN -Gruwa.nc
gmt grdfilter ruwa.nc -D2 -Fg20 -Nr -Gsumul.nc
gmt grdcontour sumul.nc -JM16c -C500 -A1000 -S4 -Q40 -B -pdf taswira
```

Layin farko yana sauke ragar minti ɗaya, kuma da yake an yanka manyan ragogin GMT gunduwa-gunduwa a ma'ajiyarsu, gunduwoyin da suka shafi yankin kaɗai ake saukewa, sannan su zauna a kwamfuta don aiki na gaba ko da babu intanet. Layi na biyu yana share duk abin da ya haura matakin teku. Wannan mataki ba na wasa ba ne a Mashigin Gini, domin Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000 yana tsaye ne a bakin ruwa, tsibirin Bioko ma yana da ƙololuwa ta kimanin mita 3,000. Idan aka tace raga ba tare da an cire su ba, tsayinsu zai gauraye da zurfin ruwan da ke kusa, layukan gaɓa su turu zuwa cikin teku. Abin da ya sa GMT ya fi a nan shi ne grdfilter yana tsallake guraben da aka share, ya yi lissafi da ruwa zalla.

Layi na uku shi ne zuciyar aikin. Faɗin tacewar da kilomita ake ba da shi, amma a kula: lambar da GMT yake karɓa cikakken faɗi ce, wadda ta ninka sigma (ma'aunin yalwar tacewar Gauss, irin wadda ke ba maƙwabta na kusa nauyi fiye da na nesa) sau shida, saboda haka 20 a nan tana nufin sigma na kilomita 3.3 ne kawai. Wanda ya saba da Python ya rubuta 3 yana zaton sigma ce, zai ga kamar ba a yi komai ba. A layi na huɗu, -S4 yana ƙara ɗigo a kan layin don ya lanƙwasa a hankali, -Q40 kuma yana watsar da zobban da ɗigonsu bai kai 40 ba. Gaɓar teku kuwa gara a zana ta da umarnin coast, wanda ke amfani da bayanan gaɓar tekun duniya na GSHHG, maimakon a dogara da layin zurfin sifiri.

GMT kyauta ne, ba ya cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai, kuma taswirarsa tana fitowa da tsabtar da ake so a mujallar kimiyya: lambobin zurfi suna kwanciya a kan layi, gefen taswira yana da digiri a tsare. Wajen ɗorewa ma yana gaba, domin ko bayan fitowar GMT 6 a 2019 da sabon salon rubutu, an bar tsohon salon yana aiki. Wahalarsa tana wajen koyo. Haruffan zaɓi ba sa faɗin ma'anarsu, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, jagorar kuma da Ingilishi take. PyGMT, wanda aka fara fitarwa a 2020, yana rage wannan nauyi ta hanyar ba zaɓuɓɓukan sunaye cikakku a cikin Python, sai dai wasu daga cikin sunayen sun sha canzawa daga fitowa zuwa fitowa, don haka a rubuta lambar fitowar da aka yi aiki da ita a saman fayil.

Python da Matplotlib da Cartopy

Matplotlib, wanda John Hunter ya fara a 2003, ba don taswira aka yi shi ba. Cartopy, wanda ya samo asali daga hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, shi ne yake ƙara masa sanin tsarin shimfiɗa taswira da gaɓar teku. Ana buɗe fayil ɗin GEBCO da xarray, a yanki yankin da ake so, a tace da SciPy, a zana:

```
z = gaussian_filter(np.minimum(z, 0), sigma=2)
ax.contour(lon, lat, z, levels=[-4000, -3000, -2000, -1000, -200],
           colors="k", linestyles="solid", transform=ccrs.PlateCarree())
```

Ƙarfin wannan hanya shi ne komai yana wuri guda. Wanda yake da bayanan zafin ruwa, ko na iska, ko na wuraren kamun kifi, kuma yake son layukan zurfi su zama shimfiɗa a ƙarƙashinsu, ba ya buƙatar fita daga Python. Darussan Faransanci a kansa suna da yawa, kuma abin da aka koya zai yi amfani a ayyukan da ba su shafi teku ba.

Tarkunansa ne suke buƙatar a tsaya a kansu, domin yawancinsu ba sa ba da wani gargaɗi. Sigma a nan da yawan idanun raga ake ƙidaya ta, ba da kilomita ba. Lamba 2 a ragar minti ɗaya kilomita 3.7 ce, a ragar sakan 15 kuwa ba ta kai kilomita ɗaya ba, saboda haka wanda ya kwafi umarnin wani ba tare da duba ragarsa ba zai sami wani sakamako dabam. A Mashigin Gini idanun kusan murabba'i ne, amma a digiri 60 arewa faɗinsu daga gabas zuwa yamma ya ragu da rabi, sai an ba da sigma biyu. Na biyu, gaussian_filter ba ya tsallake gurbin da aka share, yana yaɗa shi ne zuwa maƙwabtansa, sai mutum ya ga layukan kusa da gaɓa sun ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa a misalin sama aka mayar da tudu sifiri maimakon share shi, duk da cewa hakan yana ɗan rage zurfin ruwan bakin gaɓa. Na uku, mutane da yawa kan kira umarnin zoom na SciPy su ninka ragar don neman santsi. Ninka ragar sakan 15 ta yankin nan sau huɗu a kowane ɓangare yana kai ta lambobi miliyan 184, kusan gigabait 1.5 na ƙwaƙwalwa kafin ma a fara zane, kuma kwamfutar ɗalibi mai gigabait 4 za ta tsaya cak. Ninkawa tana amfani ne ga raga mai manyan idanu, ba ga wadda ta riga ta cika ƙanƙanta ba.

Wani ƙaramin abu da ke rikita mai farawa: idan aka zaɓi launi ɗaya, Matplotlib yana zana duk layin da lambarsa take ƙasa da sifiri a tsittsinke. Tun da zurfin teku duka ƙasa da sifiri yake, taswira za ta fito da layuka tsinkakku har sai an rubuta linestyles="solid". Ta fuskar ɗorewa, babban darasi shi ne na Basemap, tsohon kayan zana taswira na Matplotlib, wanda aka daɗe ana amfani da shi kafin masu Matplotlib su ba da shawarar komawa Cartopy. Intanet cike yake da tsofaffin misalan Basemap, kuma bai kamata sabon aiki ya ginu a kansu ba. Wajen girka Python, Miniforge ya fi Anaconda sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma a tuna cewa Cartopy yana sauke gaɓar Natural Earth ne a karon farko da aka kira ta, don haka a gwada shi lokacin da intanet take da kyau.

R da marmap

Eric Pante da Benoit Simon-Bouhet sun gabatar da marmap a 2013, kuma babu hanyar da ta kai shi saurin kai mutum ga taswirar farko. Umarnin getNOAA.bathy yana karɓar iyakoki huɗu da girman ido a minti, ya ɗauko yankin kaɗai daga hukumar NOAA ta Amurka, kuma idan an rubuta keep=TRUE zai ajiye kwafi a kwamfuta. Wanda bai rubuta wannan ba, duk lokacin da ya sake gudanar da aikin sai ya sake biyan kuɗin intanet. Yana kuma fitar da yankan gefe na ƙasan teku tsakanin wurare biyu, da faɗin yankin da ke tsakanin zurfi kaza da zurfi kaza, abubuwan da mai nazarin kifi yake nema.

Santsi ba shi ne ƙarfin marmap ba. Don a tace raga sai an koma terra, a gina ma'aunin Gauss da focalMat, a bi da focal. Akwai kuma smoothr, mai goge layi da hanyar Chaikin da wasu hanyoyi, wanda yake da sauƙi har yana jan mutum zuwa hanya ta uku da aka yi gargaɗi a kanta. Wajen ɗorewa R ya ɗan girgiza: a watan Oktoba na 2023 aka janye rgdal da rgeos da maptools daga CRAN, babbar ma'ajiyar kayan aikin R, tsofaffin umarni da yawa suka daina aiki. Wanda ya gina aikinsa a kan terra da sf ya tsira daga wannan. Dogaro da ma'ajiyar NOAA ma rauni ne, domin duk ranar da aka sauya adireshin ma'ajiyar sai an jira gyara.

MATLAB da M_Map

M_Map na Rich Pawlowicz ne, na Jami'ar British Columbia a Kanada, kyauta ne kuma masana teku sun daɗe da amincewa da shi. MATLAB ɗin da yake gudana a kai shi ne ake saya, kuma wasu umarnin tacewa kamar imgaussfilt suna cikin ƙarin akwatin da shi ma sayensa ake yi, ko da yake conv2 yana yin aikin idan mutum ya gina ma'aunin da kansa. Tarkon da ya fi kama mai farawa shi ne m_elev, wanda ke zuwa da raga mai ido na digiri ɗaya, kimanin kilomita 111. Babu dabarar da za ta fitar da layi mai ma'ana na gaɓar Benin daga irin wannan raga, dole a sauke wata. Ban ga dalilin da zai sa mai aiki a Maraɗi ya sayi lasisi don layukan zurfi kaɗai ba. Kwafin sata kuwa, ban da haramcinsa, hanya ce ta shigo da cuta kwamfutar da kundin mutum yake ciki. Wanda ya tafi ƙaro karatu a ɗakin binciken da ke da lasisi, kuma malaminsa da MATLAB yake aiki, shi lamarinsa dabam ne.

GDAL da QGIS

Wannan hanya ta bambanta da sauran domin abin da take fitarwa ba hoto ba ne, fayil ne na layuka da za a iya buɗewa a gyara. Da gdalwarp ake yanka yanki a sauya girman ido, a zaɓi average idan ana rage yawan idanu, cubicspline idan ana ƙarawa. Sannan gdal_contour ya fitar da layuka a zurfafan da aka lissafa masa, ya ajiye su a GeoPackage. A QGIS, wanda yake da fuskar Faransanci, ana iya ɗora su a kan iyakokin ƙasashe da hanyoyin jiragen ruwa, a jera lambobi da hannu, a share zoben da aka tabbatar sawun jirgi ne. Kyauta ne, kuma GDAL yana daga cikin manhajojin da suka fi tsayuwa a fagen taswira. Rauninsa biyu ne. Rage yawan idanu da average ba ya kai tacewar Gauss laushi, kuma maɓallin goge layi na QGIS yana aiki a kan kowane layi shi kaɗai. Sannan duk gyaran da aka yi da linzami ba ya cikin umarni, idan bayanai suka sauya sai an sake shi daga farko.

| Kayan aiki | Kuɗi | Iko a kan tacewa | Ɗorewa | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| GMT da PyGMT | Kyauta, intanet kaɗan | Da kilomita, yana ware tudu | Mai ƙarfi | Da wuya a farko | Rikita faɗi da sigma |
| Python da Cartopy | Kyauta, girkawa da nauyi | Da idon raga, ware tudu da hannu | Matsakaiciya | Matsakaici | Kuskure marar gargaɗi, cikar ƙwaƙwalwa |
| R da marmap | Kyauta, intanet kaɗan | Sai an haɗa da terra | Matsakaiciya | Mafi sauƙin farawa | Goge layi maimakon raga |
| MATLAB da M_Map | Lasisi na saye | Mai kyau | Muddin lasisi yana nan | Matsakaici | Raga mai manyan idanu |
| GDAL da QGIS | Kyauta | Taƙaitacce | Mai ƙarfi | Da sauƙi | Gyaran hannu, layuka masu gittawa |

Haɗarin da ya shafi dukansu

Tacewa kamar tankaɗe take: rariyar da idonta ya cika ƙanƙanta takan riƙe garin da ake so tare da tsaki. A gaban Abijan akwai kwazazzabon ƙarƙashin teku da ake kira Trou Sans Fond, wanda ya faro daf da gaɓa, ga kuma na Kwango da ya shiga har cikin bakin kogin. A taswira ana gane su ne da yadda layukan zurfi suke yin tsini zuwa gaɓa. Tacewa mai faɗin kilomita 50 za ta daƙushe wannan tsinin, ta bar layi sumul da ya ɓoye mafi muhimmancin abin da ke wurin. Dabarar da nake ba da shawara ita ce a zana layukan ragar asali da siririn jan layi, a ɗora tatattun da baƙi a kansu, a duba. Duk inda baƙin ya bar jan da tazara mai yawa, an wuce gona da iri. Sannan a rubuta asalin bayanan da faɗin tacewar a ƙarƙashin taswira, domin mai karatu ya san abin da aka yi.

Akwai ayyuka biyu da tataccen layi bai dace da su ba sam. GEBCO, wadda Yarima Albert na Ɗaya na Monako ya assasa a 1903, ta bayyana ƙarara cewa ba a tuƙin jirgi da ragarta. Masu taswirar tuƙi idan za su daidaita layi, zuwa ɓangaren zurfi kaɗai suke tura shi don kada su nuna ruwa ya fi zurfin da yake da shi, tacewar Gauss kuwa ba ta san wannan ƙa'ida ba. Na biyu shi ne batun iyaka: sashe na 76 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ya sanya ɗaya daga cikin iyakokin dakalin nahiya a mil 100 na teku daga layin zurfin mita 2,500, kuma layin da aka matsar don ado ba ya zama hujja a irin wannan magana.

Wa ya kamata ya ɗauki wane

Ɗalibin da abin da yake buƙata shi ne taswira ɗaya ko biyu masu tsabta na Mashigin Gini don kundi ko maƙala, kuma kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ya ɗauki GMT, ya fara da ragar minti ɗaya da layuka huɗun da ke sama. Wahalar kwanakin farko za ta biya kanta. Wanda ya riga ya iya Python kuma taswirar ce babban abin da ake dubawa, PyGMT ya fi masa. Idan kuwa layukan zurfi shimfiɗa ce kawai a ƙarƙashin bayanan yanayi ko na zafin ruwa da ya riga ya sarrafa da xarray, ya tsaya a Cartopy, ya lissafa sigma da kilomita kafin ya rubuta ta. Mai nazarin kifi ko halittun ruwa da ƙididdigarsa take cikin R ya yi amfani da marmap wajen ɗauko bayanai, terra wajen tacewa. Ma'aikacin ofis ko na ƙungiya da zai miƙa layukan ga wasu su ɗora a taswirorinsu, GDAL da QGIS ne nasa, kuma ya fi kyau ya tace ragar a GMT kafin ya miƙa ta ga gdal_contour. MATLAB na wanda aka riga aka biya wa lasisi ne.

Saura mai buƙatar da ta fi kusa da gida, wato wanda yake son taswirar zurfin Tafkin Madarunfa ko na wata madatsar ruwa. Ragogin duniya ba za su taimake shi ba, domin ba su ɗauke da zurfin irin wannan tafki. Shi da kansa zai shiga kwalekwale da na'urar auna zurfi da GPS, ya dawo da ɗigo a warwatse, ya kuma rubuta ranar awo da matakin ruwa, tun da tafkin na damina ba shi ne na bazara ba. Aikinsa na farko shi ne gina raga daga ɗigon, kuma a nan GMT ya sake yin gaba: a bi da blockmedian don a rage cunkoson ɗigo a kan hanyar kwalekwale, sannan surface, wanda Smith da Wessel suka bayyana hanyarsa a 1990, da zaɓin -T0.35 don kada lissafi ya ƙirƙiro ramuka da tuddai a inda ba a auna ba. Ya ƙara ɗigon bakin ruwa da zurfin sifiri kewaye da tafkin, ya zaɓi idon raga da bai gaza rabin tazarar da ke tsakanin hanyoyin awonsa ba, ya kuma nuna hanyoyin awon a kan taswirar. Idan ƙididdigarsa a R take, hanyar ƙiyasi ta kriging da ke cikin gstat za ta yi masa wannan aikin, tare da ƙarin taswira ta biyu mai nuna wuraren da ƙiyasin yake da rauni.